Gurbin Ɗan Kawuna

Ban iya iyo ba sai da na haura shekara talatin, kuma ko a lokacin dole ce ta sa. Duk wanda muka tashi tare a Jibiya ya san in aka je bakin dam, ni ne mai tsaron riguna. Amma ga shi yau shekara tara ke nan a kan teku nake neman abincina, cikin jirgin ruwan shaƙatawa na wani attajiri Balarabe. Jirgi ne mai hawa biyar, ba ya ɗaukar kaya, ba ya ɗaukar fasinja, aikinsa kawai ya jira ranar da mai shi zai ji marmarin iska. In na zo hutu matasa kan tare ni su tambayi yadda na yi na samu wannan aiki, sai in ga suna jiran in ce musu ƙoƙari da haƙuri. Ni kuwa ba na iya yi musu wannan ƙaryar. Tayar wani ce ta yi faci.

Direba ne ni a da, Jibiya zuwa Maraɗi. A tasharmu layi ake bi, kowa da lambarsa, kuma lambar nan ba a samun ta da wasa. Wata safiya direban da lodi ya zo kansa ya tarar tayarsa ta sace, aka ce in shiga lodi a madadinsa. Cikin fasinjojin akwai wani dattijo ɗan Maraɗi mai jaka mai taya. Da muka tsallaka, jandarmomi suka ga fasfonsa cike da tambarin ƙasashe, suka fara ja masa rai. Na sauka na yi ta yi musu magiya da ɗan Faransancin kasuwar da nake da shi har suka sake shi. Ba tausayi ya sa ni ba, sauri nake in juyo kafin azahar. Shi kuwa dattijon ya ɗauka ya gamu da mutumin kirki. Ashe kuku ne a wannan jirgi tun kafin in yi gemu. Ya karɓi lambar wayata, na manta da shi sarai, sai bayan wata takwas ya kira ya ce ana neman mai wanke jirgi, in ina da ɗan Turanci kuma ba na jin kunyar tsumma.

Da cancanta ake bi, ɗan kawuna ya kamata dattijon nan ya gamu da shi. Ya girme ni da shekara biyu, taubashina ne, tun muna yara kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Shi ya koya mini tuƙi. Dangin uwarsa masunta ne, don haka a ruwa ya tashi, yakan nutse a dam har mu fara salati sannan ya ɓullo can nesa yana mana dariya. Inji in ya yi tari daga nesa yakan faɗi abin da ke damunsa. Ga sanyin hali, abin da ni Allah bai ba ni ba. Ranar nan shi ma yana tasha, lambarsa ma tana gaban tawa, ya tafi shan koko ne kawai. Shi ya kai ni Katsina ranar da zan tafi, ya sauke mini jaka ya ce in na isa in share masa wuri, tunda aikin bawa ke nan. Na ce masa wallahi zan share. Da wasa ya faɗa, ni kuma da rantsuwa na amsa.

Mutanen gida suna ganin hotona cikin fararen kaya, teku a bayana, sai su ɗauka hutawa nake. Bari in faɗi aikin. Kullum da safe mu wanke jirgin daga sama har ƙasa da ruwan daɗi, sannan mu bi da tsumma mu tsane kafin ɗigon ya bushe, don in ya bushe yana barin tabo. Mu goge ƙarfe har ka ga fuskarka, gishirin teku ya ɓata shi kafin la'asar, gobe mu sake. Ba a sa takalmi a kan katakon jirgin. In baƙi na nan, ba ka kallon su, ba ka wucewa ta gabansu, in ka ji tafiyarsu sai ka san inda ka shige. An taɓa yaba mini cewa mai jirgin ya yi mako biyu bai lura da ni ba, kuma wannan shi ne yabo mafi girma da na samu a aikin. Mai jirgin kuwa a shekara da wuya ya kwana wata guda a ciki. Sauran watannin mu yi ta wanke abin da ba wanda ya taka.

Wurin kwanana gado ne a kan gado, in na ɗaga hannu na taɓa rufi. Watannina na farko amai na yi ta yi har wandona ya daina zama. In an saki anga, ƙarfen da ke riƙe jirgi, ya tsaya, iska kan yi ta juya shi a hankali, sai ka tayar da salla kana fuskantar alƙibla ka sallame kana fuskantar wani wuri. Abin da ya fi ci mini rai shi ne abinci. Kukun nan yakan kwana biyu yana shirya liyafa, a bugo waya a ce baƙi sun fasa, a kwashe a zubar. Sai in tuna mutanen ƙauyukan Gangara da 'yan bindiga suka koro, suna kwana a barandar makaranta a garinmu. Ban taɓa sabawa da wannan ba, kuma ban taɓa cewa uffan ba, don ina son aikina.

Ina can gida ya yi ta lalacewa. Aka rufe boda, aka buɗe, aka sake rufewa. Hanya ta zama sai da addu'a. Ɗan kawuna ya koma jigilar Jibiya zuwa Katsina, wata rana ya yini a layi bai yi lodi ba. Bai taɓa roƙona komai ba. In mun yi waya, sai dai ya ce, to bawa, har yanzu sharar ba ta ƙare ba? Mu yi dariya. In na ajiye wayar sai in ji kamar na ci bashin rai.

A shekarata ta shida wani ɗan Filifin da muke wanki tare ya samu ciwon baya ya ajiye aiki. Na tattara ƙarfin hali na je wurin kyaftin, wani Bature marar yawan magana, na ce ina da ɗan'uwa wanda ya fi ni komai. Ya dube ni ya ce in takardunsa sun cika kafin jirgi ya tashi nan da mako shida, gurbin nasa ne. Na karɓi hutu na taho gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Na zauna na lissafa duk abin da zai iya hana shi. Fasfo yana da shi. Horon da ake yi a Legas, na kashe gobara da faɗawa ruwa, wannan ko a barci zai ci. Turanci na zaunar da shi a zaure ina yi masa bita, yana ce mini malamin da sai da ya girma ya koyi iyo. Abin da na ji wa tsoro shi ne gwajin jini, don ciwon hanta ya yi yawa a wajenmu, sai na kai shi Katsina aka duba, aka ce lafiya lau. Daga nan na ce masa magana ta ƙare.

Kuskuren da na yi ke nan, kuma nawa ne ni kaɗai. Na ce Legas da nisa, hanya ba lafiya, ba dalilin zuwa a dawo a sake komawa. Na ce ya yi sallama gaba ɗaya, daga Legas sai jirgin sama. Ya ce ko ya bar motar tukuna a hannun wani? Na yi masa faɗa, na ce wanda zai je teku me zai yi da tsohuwar mota, ga horo ga tikiti ga abin da zai bar wa iyali. Ya sayar da ita. Ya je wurin shugaban tasha ya sauka daga layi, aka ba wani lambarsa a ranar. Mu kuwa ba a tafiya irin wannan a ɓoye wa manya. Kawu ya tara malamai aka yi addu'a, aka soya waina aka raba sadaka, ɗan kawuna ya bi gida gida yana neman gafara kamar mai tafiya Makka. Kawu ya riƙe hannuna a gaban mutane ya ce Allah ya yi mini albarka, na riƙe zumunci. Uwata, ƙanwarsa, ta yi ta share hawaye da bakin mayafi.

A Legas ya yi abin da na sani zai yi. Ranar faɗawa ruwa, mai koyarwar ya tsayar da sauran ya ce su kalli yadda wannan mutumin Arewa ke juya kwale-kwalen ceto shi kaɗai. Ina gefe ina ta washe baki kamar ni na haife shi. Ya rage gwajin likitan ma'aikatan jirgi kawai, wanda na ce masa shan ruwa ne.

Aka auna jini, aka auna ƙirji, aka sa shi ya karanta haruffa daga nesa ya karanta har na ƙasan. Na shiga tare da shi don in taimaka da Turanci. Sai likitar, wata mata mai gilashi, ta jawo wani ɗan littafi daga aljihun tebur. Kowane shafi da'ira ce cike da ɗige-ɗige masu launi, a tsakiya an rubuta lamba da ɗigon wani launin. Sai a lokacin na tuna ni ma an taɓa nuna mini shi. Ban ko ɗauke shi gwaji ba, don kafin in gyara zama an gama.

Shafin farko ya faɗi lambar. Ta buɗe na biyu, ya tsura masa ido. Ni daga inda nake tsaye ina ganin lambar ɓaro-ɓaro. Ya matso da fuskarsa, ya ja baya, ya juyo ya dube ni yana murmushi, yana zaton wata dabara ce ta 'yan boko.

Ya ce, “Mi a ka son in gani? Babu komi nan sai ɗigo.”

Ta buɗe na uku, ta buɗe na huɗu. Murmushin ya tafi. Ta rufe littafin ta ce idonsa ba ya raba ja da kore, haka aka haife shi, ba ciwo ba ne kuma ba magani. Na shiga yi mata irin magiyar da na saba yi a boda, na ce mutumin nan ya shekara ashirin yana tuƙi ko akuya bai taɓa bugewa ba, ta duba mana. Ta bar ni na gama, sannan ta tambaye ni, tunda ni ma'aikacin jirgi ne, wace fitila ce a hagun jirgi, wace ce a dama. Na ce ja a hagu, kore a dama. Ta ce to in an sa shi tsaro ya hango fitila a teku, ta yaya zai san jirgin tahowa yake ko wucewa? Gaskiya ta faɗa, kuma na ji haushinta kamar ita ta ƙirƙiro abin.

Na kira kyaftin a bakin ƙofar asibitin, na ce ko a kicin, ko wajen wanki da guga. Ya ce ba gurbi a can, wanda ke akwai na mai wanke jirgi ne, shi kuwa dole a riƙa sa shi tsaron dare, ya yi mini jaje ya ajiye waya.

Na tarar da ɗan kawuna zaune a kan kwalbati yana kallon motoci. Na zauna kusa da shi. Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Matarsa ta hana shi sayen tumatir tun suna amare, don rabi ɗanye yake kawowa. Mangwaro sai ya latsa yake sanin ya nuna. Mun yi shekaru muna tsokanarsa da wannan, muna cewa rowa ce ke sa shi sayen na arha. Na tambaye shi fitilar kan titi a Katsina fa? Ya ce ta sama a tsaya, ta ƙasa a wuce, ya ɗauka kowa ma haka yake ganewa.

Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Kada ka hwaɗi ma kowa. In ka ce likita ya hana ni, za a ce ƙanjamau ne ko ƙwaya. In ka ce ido ne, wa zai ba ni mota? Wa zai shiga?”

Na ce to me za mu ce? Ya ce mu ce takardar shiga ƙasar ce ba ta fito ba. Na yi masa alkawari. Wannan karon bai sa wasa a ciki ba.

Hutuna da saura, kuma ban iya barinsa ya hau motar Arewa shi kaɗai ba, sai muka dawo tare. Ban taɓa ganin abin tausayi kamar mutumin da ya yi bankwana da gari ya dawo bayan mako uku da jakarsa ba. Ya shige gida ya ƙi fita. Maganar takarda kuwa ba ta yi kwana uku ba ta ruɓe, don mutanen boda sun san takardu fiye da kowa, sun san ba a hana wanda kamfani ya nema. Aka fara raɗa. Wasu suka ce jininsa aka gani da abu. Matarsa ta daina zuwa suna da biki. Sai kuma labari ya iso daga Maraɗi cewa an cike gurbin, kuma ɗan ƙanen kukun nan ne ya samu. Kyaftin ya tambayi kuku ko ya san wani, shi ke nan abin da ya faru. Amma a tasha sai aka haɗa biyu da biyu, aka ce ni da kuku muka sayar da gurbin.

Raɗa biyu ke nan suna yawo, ɗaya a kansa, ɗaya a kaina. Ana cikin haka wani Alhaji mai motocin haya ya ce yana son ya ba shi mota ya riƙa ja, don ya san hannunsa, amma sai ya ji gaskiyar abin da ya dawo da shi. Ba zai damƙa mota da rayukan mutane ga mai ciwo ko mai shaye-shaye ba. Ya aiko wa kawu da wannan magana.

Kawu ya aika a kira ni bayan la'asar, ana gobe zan koma. Na same shi a zaure a kan buzu, ɗan kawuna na gefe a tabarma ya sunkuyar da kai. Na durƙusa na gaishe shi. Bai tsawaita gaisuwar ba.

Ya ce, “Tambaya guda zan yi maka, kai ka je da shi. Lahiyarshi ce ta hana, ko kai ne ka ba wani?”

Na dubi ɗan kawuna. Yana jan wani zare da ya fito daga bakin tabarma, bai ɗago ba. Na jira ya ce wani abu, ko tari ne. Wallahi na jira. A raina ina cewa ai wannan ubanka ne, faɗa masa mana. Amma na san kawu, mutum ne da ba ya iya ɓoye gaskiya in an tambaye shi, Alhajin nan kuwa zai tambaye shi. Na tuna kuma wanda ya ce a sayar da motar.

Na ce, “Ni ne, kawu. Na ba wani.”

Ya yi ajiyar zuciya mai tsawo. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne alhamdu lillahi, tunda yaron lafiyarsa lau. Na ga kafaɗunsa sun sauka, ashe shi ma raɗar farko ce ta hana shi barci. Sannan ya dube ni, irin kallon da ake yi wa baƙon da ya shigo gida ba sallama, ya ce in tashi in tafi, Allah ya kiyaye hanya. Ban taɓa fita zauren nan bai ce in gaida uwata ba sai ranar.

Kafin in isa jirgi an ba ɗan kawuna makulli. Har yau yana jan motar, Jibiya zuwa Katsina, kuma har yau ko kaza bai taka ba. Ni kuma na koma wanke abin da ba wanda ya taka, tare da ɗan ƙanen kuku, yaron kirki wanda bai san komai ba, wanda na yi wata uku ban iya amsa gaisuwarsa da daɗi ba. Duk abin da na aika gidan kawu da salla, dawo da shi ake yi ba a kwance ba. Uwata ba ta taɓa tambayata ba, kuma wannan ya fi mini ciwo, don na san ta yarda ke nan. Takan ce dai in ji tsoron Allah a cikin neman duniya, ta sauya magana. In na je hutu na ratsa tasha, waɗanda muka yi layi tare sukan amsa sallamata suna kallon wani wuri. Shi kansa ɗan kawuna a gaban mutane sama-sama muke gaisawa, don in aka ga muna dariya labarin zai warware.

Ina jin haushinsa wani lokaci, ba zan ɓoye ba. Sai in tuna shi bai yi komai ba. An haife shi da ido irin wannan, ni an haife ni da irin wancan, ba wanda aka tambaya a cikinmu. Ya tafi shan koko, ni ina zaune a mota.

Bara kawu ya rasu muna tsaye a wata tashar jiragen ruwa a Bahar Rum. Ina tsane katako da tsumma wayar ta shigo. Ɗan kawuna ne, ya ce an yi jana'iza tun da safe. Na yi masa gaisuwa, ya yi mini. Ina jin hayaniyar tasha a bayansa, 'yan kamasho na kiran Katsina. Ya ce tsohon ya tafi bai sani ba, ya so ya faɗa masa a asibiti, bakinsa ya ƙi buɗuwa. Na ce ya wuce, Allah ya jiƙansa. Sannan na tambayi abin da na shekara biyu ina son tambaya. Na ce uwata ta tsufa, ɗan'uwanta ya tafi yana fushi da ɗanta, ko zan iya faɗa mata yanzu, ita kaɗai?



Ya ce, “Ka san ta ba ta riƙe magana. Motar nan kuwa har yanzu ba tawa ba ce.”

Na ce masa na gane. Aka kira shi lodi, ya kashe wayar, ni kuma na koma kan katakon kafin ruwan ya bushe.